Kwana Huɗun da Aka Hana Ustad Hashmat

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, bayan La'asar kaɗan, Allah Ya karɓi ran Ustad Hashmat Ali a bakin titi a unguwar Chowk, nan birnin Lakhnau na ƙasar Indiya, yana durƙushe gaban sabon tanderun da bai gasa ko gurasa ɗaya a cikinsa ba. Shekararsa sittin da takwas. Ni ne Munawwar, mai dafa miya, wanda ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi shekara ashirin da shida a ɗakin girkin gidan abinci ɗaya. An ce in rubuta ta'aziyya cikin natsuwa. Zan yi ƙoƙari, amma raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba.

Yaya Hashmat, hannunka na dama ba shi da gashi tun daga wuyan hannu har kafaɗa, wuta ta daɗe da cinye shi. Da wannan hannun kake zura ƙullu cikin tanderu ka manna shi a bango, ba ka taɓa duba agogo ba, ƙamshi kaɗai ke gaya maka lokaci ya yi. Kazar da ka jiƙa a kindirmo da barkono, mutane daga wasu garuruwa suke zuwa dominta, su ci su tafi suna yaba gidan abincin, babu wanda ya san sunanka. Bai dame ka ba. Gurasar farko ta kowace safiya ba ta zuwa teburi. Ta ƙofar baya take fita, zuwa ga mai shara ko mai jan keke, duk wanda ya fara wucewa. Marigayi Haji Wajahat, mai gidan, ya sani sarai, ya kau da kai shekara da shekaru. Lokacin da matata ta kwanta asibiti, wata guda kana haɗa aikina da naka, ka gasa nama ka juya miya, sannan ka ce mini miyar tawa ta fi daɗi da ba na nan. Na ji haushi, kai kuwa kana ta dariya.

Bayan rasuwar Haji, ɗansa Faizan ya karɓi gidan. Ya sake kujeru, ya sake fitilu, ya sa aka fasa tsohon tanderunka domin wai ya yi baƙi ƙirin, masu cin abinci ba za su so ganinsa ta gilashi ba. Ka haɗiye. Aka kawo sabo daga wurin magina ranar Alhamis, alhali Faizan ya riga ya karɓi aikin walimar aure ta mutum ɗari uku ranar Juma'a.

Duk wanda ya taɓa aiki a bakin tanderu ya san ba a yi wa sabon yumɓu haka. Ana shafe cikinsa da niƙaƙƙen alayyahu da mazarƙwaila da man mastad, a sa masa wuta 'yar kaɗan, a bar shi ya huce, a sake shafawa, a ƙara wutar gobe. Kwana huɗu. Ka gaya wa Faizan haka a gabanmu duka, cikin ladabi.

Ya ce, "Baba, wannan ai zancen da ne. Tukunya ce, ba amarya ba. A cika mata gawayi."

Ka ce, "Ɗana, ni na ɗauke ka kana jariri a cikin ɗakin nan. Ka yi aron tanderun maƙwabta gobe, ni zan je in roƙa maka. Wannan kuwa in ka matsa masa, tsagewa zai yi."

Ya ce, "To in ba za ka iya ba, ga ƙofa." Sannan ya juyo ya dube ni. "Kawu Munawwar, kai ma amarya kake gani?"

Ni na zuba gawayin. Bari in faɗa a nan, tunda ban iya faɗa maka ido da ido ba. Na tuna 'ya'yana, na ɗauki buhu na juye, na hura wutar da hannuna, kana tsaye kana kallona. Ka naɗe ƙarafunanka biyu na ciro gurasa a cikin tawul, ka fita ta ƙofar baya.

Tanderun ya tsage ranar Juma'a ana tsakiyar walima, daga baki har gindi, gurasa tana zubewa cikin toka. A ƙarshe gidan maƙwabtan aka garzaya. Faizan bai aika a kira ka ba, domin kiran ka yana nufin ya yi kuskure. Ya gwammace ya ce maginin ne ya cuce shi.

Wata bakwai kana yawo gidajen abinci, ana duban furfurarka ana cewa za a neme ka. Ni kuwa in na hango ka a masallaci sai in sake sahu. Daga baya ka sami ƙaramin tanderu ka dasa a cikin ganga a bakin titi, a tsakiyar zafin Mayu, lokacin da kwalta ke narkewa. Ka shafa masa alayyahunsa rana ta farko, da ta biyu. Rana ta uku ka durƙusa ka ƙara masa gawayi, ba ka tashi ba. Na san ajali ba ya jira, na yarda da ƙaddara. Amma ƙaddara ba ta wanke wanda ya kori dattijo zuwa rana, kuma ba ta wanke wanda ya taya shi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ranar sadakar uku. Faizan ya zo gaisuwa da farar riga da manyan tukwanen shinkafa. Bayan addu'a ya matsa kusa da labule ya ce wa matarka, Yaya Rukhsana, yana so ya sa sunanka a takardar abinci, a riƙa sayar da Gurasar Ustad Hashmat, da hotonka a bango, don girmamawa. Shekara talatin da ɗaya kana gasa musu, sunanka bai taɓa fitowa daga ɗakin girki ba. Yanzu da ba ka da bakin ƙi, ya zama kayan ado.

Ta amsa daga bayan labule: "Ɗana, kwana huɗu ya roƙe ka, ka hana shi. Sunansa ma sai ka haƙura da shi."

Faizan, na rubuta wannan ne don ka karanta, tunda a gabanka bakina ya saba mutuwa. Kada ka sa sunan. In ka sa, zan tsaya a ƙofarka in gaya wa duk mai shiga yadda aka yi, har da nawa rabon. Ludayina yana rataye inda na bar shi, ba zan dawo ɗauka ba.

Yaya Hashmat, washegarin sadakar na je wurin gangarka. Tanderun ya huce sarai, don haka na soma daga fari. Na niƙa alayyahu, na shafa, na sa wuta kaɗan, na jira. Kwana huɗu cif, ban rage sa'a ɗaya ba. Bai tsage ba. Gurasar farko ta fito a karkace, gefe ɗaya ya ƙone, da ka gani da ka yi mini tsiya har Magariba. Na so in kai wa Yaya Rukhsana, ta aiko 'yarka Farhat ta ce ai na san inda ta farko take zuwa. Na miƙa wa mai shara. Ya karɓa ya tambaye ni ina tsohon nan mai hannu ba gashi.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sanyaya makwancinka fiye da yadda duniya ta sanyaya maka. Ya sa kowace gurasa da ta fita ta ƙofar baya ta tarye ka a mizani. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya Rukhsana da Farhat da sauran dangi, Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Ni kuma ku roƙa mini gafara wurin Allah, domin wurin Yaya Hashmat na makara.