Shaidar Kwamboka

Kwamboka ta shekara talatin tana sauko da ayaba daga gonarta ta kan tudu zuwa kasuwar Kisii, dami guda a ka. Da ƙafafun nan biyu ta ciyar da gida bayan mutuwar miji, ta kai 'yarta Nyanchama makaranta har ta samu aiki a Nairobi. Ciwon sukari ya kama ta tana da hamsin da biyu, bai kuwa kayar da ita ba. Duk Alhamis ɗin farkon wata sai ta zauna a bencin asibiti da ke bakin titi, a soki yatsa, a ba ta ƙwayoyi, ta koma kan ayabarta.

Sai 'yar ta aiko mata da waya mai shafawa. Kwamboka ba ta karatu, amma wa ya ce sai da karatu? Matan cocinsu suka jefa ta zaurensu na waya, inda murya da bidiyo ke zuba tun kafin a ɗora ruwan ugali, tuwonsu na masara. A nan ta ga wani mai farar riga, wanda ba a san ko sunan ƙauyensu ba, yana rantsuwa ƙwayar asibiti ke cinye ƙoda, a tafasa ƙwallon fiya da ganyen mangwaro. Ya fi nas iya magana, wannan kam ba a ƙwace masa ba.

Sati uku tana sha, ran Asabar, ranar ibadarsu, ta miƙe a coci ta ba da shaida wai ta warke, ta zazzage ƙwayoyin a ƙasa. Wata ta ɗauka a waya ta watsa. Kafin Litinin har baƙin fuska na tsayawa gabanta a kasuwa: "Ke ce matar nan!" Matar da ba a taɓa tafa mata ba tunda uwarta ta haife ta, yau ga ta ana nunawa.

Kututture ya yanke ta a tafin ƙafa, ba ta ma ji ba. Ƙanwarta Bosibori ce ta fara jin wari.

"Yaya, ɗaga zanen nan."

"Ɗan ƙurji ne."

"Ƙurji? Ɓera ne ya mutu a takalminki! Gobe Alhamis, tashi za ki yi mu tafi."

"In zauna a bencin nan, duk mai zuwa kasuwa ya gan ni? Mutum dubu arba'in sun kalle ni, Bosibori."

"Dubu arba'in ɗin, wanne ne zai ɗaukar miki dami?"

"Ke dai baƙin ciki kike yi."

"Ƙwarai. Ina baƙin cikin ruɓewa."

Ba ta je ba. Ta sayi dogon siket, ta riƙa fesa turare, tana tura wa zauren murya cewa lafiyarta ƙalau. Su kuma su turo hotunan tafi da furanni. Wata huɗu ana haka, sai da zazzaɓi ya kwantar da ita Bosibori ta kira Nyanchama a Nairobi, aka kai ta asibiti. Likita ya buɗe tsumman da ta naɗe ƙafar da shi, bai ko yi faɗa ba. Ƙasa da gwiwa suka yanke.

Yanzu dillalai ke hawowa su sare ayabar, su faɗi abin da suka ga dama.

Matan zauren sun zo sau ɗaya, da burodi guda. Babbarsu ta dubi inda zanen ya kwanta babu komai a ƙarƙashi, ta girgiza kai.

"Maman Nyanchama, ai kuskuren naki ne. Akwai bidiyo na biyu, an ce a haɗa da ganyen gwaiba."

Bosibori ta ɗauki muciya. Kwamboka ta riƙe mata hannu.

"Ƙyale ta," in ji ta. "Ita ma sukarin gare ta, kuma ni ta gani ta bar shan magani."