Baba Illo Ya Tafi da Taken Gidanmu

Baba Illo mai gurmi ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni a ƙofar biro, wato ofishinmu, nan Tasawa, ko moto ban kashe ba. Mamman mai kalangu, abokin yawonsa, shi ya kira ni daga Beljik. Ya ce jiya ne bayan la'asar, a wani asibiti can, jinyar kwana huɗu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tun ɗazu ina ganin kuna sa hotunansa, ga shi a Faransa, ga shi a Kanada da hula har kunne. Ni na kasa sa ko ɗaya. Kunya nake ji, kuma gara in faɗi dalili da bakina.

Garinmu ɗaya da shi, wani ƙauye gabas da Attantane. Gidansu makaɗan noma ne tun kaka da kakanni. Ga waɗanda suka tashi a birni: da can in an yi gayya, kowane manomi da ya isa yana da takensa. Da an kaɗa, sai ya ɗaga hauya sama ya amsa da kirari, ya duƙa ya shiga kunyar gona kamar ba shi ne ya gaji ba. Kakana Tankari yana da nasa. Uban Baba Illo ne ya yi masa shi.

Da gayya ta ja baya, Baba Illo ya kwashe waɗannan kaɗe-kaɗen daga kan ganga ya mai da su kan gurmi, don gurmi ya fi daɗin ɗauka. Da shi ya ci Agadas, ya ci Abijan, har wasu Turawa suka ji shi a Yamai suka fara kai shi ƙasashensu.

Amma akwai dokar da ya gada, bai taɓa karya ta ba. Ba a kaɗa taken mutum sai shi ko jininsa yana tsaye a wurin, ya amsa.

Bai taɓa ce mini mushe ba, bai taɓa ce mini shef ba, irin kiran girmamawar nan na Faransanci, ko bayan da aka ba ni kujera. Kullum "jikan Tankari".

Shekarar da na ci jarrabawar shiga kwalej a Mayahi, shi ya ɗaura akwatina a bayan kekensa, ni kuma a gaba, har bakin lakwal.

Tafiyarsa ta farko Turai, tabarau ya kawo wa Inna, mahaifiyata, don ya lura ta daina iya zura zare a allura. Mu da muka kwana gida ɗaya da ita ba mu lura ba.

In ya dawo, sai a shimfiɗa tabarmi a sha labari. Yadda sanyin can ke sa fatar gurmi ta saki, sai ya cusa shi cikin riga ya rungume kamar jinjiri kafin ya hau dandali. Yadda wani ma'aikacin filin jirgi ya juya gurmin, ya shinshina, ya tambaye shi ko abinci ne. Yadda yake kwana uku a Yamai yana bin layin biza, da furfurarsa, ana tambayarsa ko ya tabbata zai dawo.

"Na ce musu, ku da kunka ga garinku da kyau, ni gero na bari tsaye."

Sau biyu ana nema masa takardun zama can, yana ƙi. Na taɓa ce masa, Baba, mutane na ratsa sahara a kan abin da kake turewa da ƙafa. Ya ce:

"Ban hana kowa tahiya ba, ni ma tahiya ta cishe ni. Can akwai komi. Abu guda na babu: wanda ya san sunan kakanka."

Shi ya sa duk garin da ya sauka, bayan an gama konser Turawa sun tafa sun watse, sai ya shiga neman namu. Masu gadi, masu wanke-wanke, masu ɗaukar kaya. Tambayarsa ɗaya: ɗan wane gari, jikan wa?

Ya ba ni labarin wani magidanci daga wajen Isawan da ya tarar a bayan wani gidan abinci. Shekara tara ba takardu, ubansa ya rasu bai samu zuwa ba. Da ya faɗi sunan kakansa, Baba Illo ya zare gurmi nan cikin tukwane ya kaɗa masa taken gidansu. Mutumin ya ɗaga sandar goge ƙasa sama, ya amsa, yana kuka.

Na yi ta jinjina labarin nan, har na ba wasu a biro. Ban ga kaina a ciki ba.

Bara da muka tashi auren ɗana, Baba Illo yana gida. Ya kira ni da murnarsa, ya ce ga rana ta zo, zai tada Tankari a gaban jama'a, ni da ango mu amsa.

Ni kuwa surukan nan manyan 'yan kasuwa ne na Maraɗi, ga abokan aiki, ga manya da na gayyato. Na hango kaina cikin shadda, na ɗaga hannu ina kirarin noma kamar ɗan ƙauye. To, ɗan ƙauyen ne mana, amma a lokacin na manta.

Na ce masa, "Baba, ka zo, amma ka bar gurmin gida. Mun ɗauko dije, mai sa kiɗa a na'ura."

Ya ce, "To, jikan Tankari."

Ya zo. Ya sa babbar rigarsa, ya zauna cikin baƙi a layi na uku, lasifika na ta ƙara a kansa. Mutumin da ake sayen tikiti a ƙasar wasu don a ji shi. Na hango yatsunsa suna motsi a kan gwiwa, na kau da kai na tafi tarbar wani alhaji.

Bai taɓa tada maganar ba.

Ganinmu na ƙarshe wata uku ke nan, a tashar Mayahi. Mun je aiki, ina cikin motar sarwis, ta wurin aikinmu, da abokan aiki biyu, shi kuma yana zaune kan benci yana jiran motar Maraɗi, gurmi a jaka. Na sauko muka gaisa. Ya riƙe hannuna bai saki ba.

"Minti biyat kaɗai. Mu koma bayan rumhwar can, ba wanda za ya ganka. Ka tsaya in kaɗa, ka amsa, ka ɗauka cikin wayarka."

Ba wanda zai gan ka. Ashe ya gane komai tun ranar biki.

Direba ya danna oda. Na ce, "Baba, reniyo gare mu, taron aiki, an makara. In ka dawo da damina, ni da kaina za ni zo gida."

Ya saki hannuna, ya yi murmushi.

"Allah shi kai mu. Amma na tsuhwa, kuma abin ga ya yi mani nauyi. Ni ɗai na rage da shi."

Reniyon nan sai da muka yi awa biyu muna jiran a fara.

Ɗazu da Mamman ya gama gaya mini rasuwar, ya ce wai in kwantar da hankali, aikin Baba bai ɓata ba. A shekarun nan biyu ya ɗauki taken gidaje da yawa a situdiyo, kowanne da jikan gidan a tsaye. Wasu sun bar aikin yini sun hau jirgin ƙasa don su zo su amsa, wasu ma ba su da takardun da za su nuna in an tare su a hanya.

Na ce, namu fa?

Mamman ya ce mai situdiyon ya yi ta roƙonsa ya kaɗa shi haka nan, tunda shi kaɗai ya rage. Baba ya ƙi. Ya ce musu:

"Mai shi na Tasawa. Aiki ne ya yi mishi yawa, amma yaron kirki ne, za ya tsaya."

Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na kira Inna a gida. Bayan mun yi wa juna gaisuwa, na ce ko tana tuna taken. Ta fara rera shi da baki, ta kai wani wuri ta tsaya, ta sake farawa, ta sake tsayawa nan dai. Ta ce su mata daga nesa suke jin sa, in sun kawo fura gona, iyakar abin da ta riƙe ke nan.

Don Allah, in akwai wani tsoho a wajen Attantane, Isawan ko Maireyrey da ya yi gayya da Tankari, ko ya taɓa riƙe wa gidan su Baba Illo ganga, ku yi mini magana. Ko rabi ne ya sani, zan zo. A tsakiyar kasuwa ma in ya ce, zan tsaya in amsa.

Allah Ya jiƙan Baba Illo, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa ya sauka a gidan da ba a tambayar baƙo takardu. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya saka masa da alheri kan kowane bawa da ya tuna wa gida a ƙasar wasu.

Duk wanda ya karanta wannan, ya sa shi a addu'a. In da saura, ku roƙa mini Allah Ya yafe mini minti biyar ɗin nan, don wanda zan roƙa ya riga ya tafi.