Wutar Garin Malam a hannuna take

A shekarun babban farin nan ina aiki a gidan wutar Damagaram. Injin gazwal, wato man dizal, ne ke ba gari wuta, gazwal ɗin kuma bai isa, sai aka yanke a riƙa raba wutar unguwa-unguwa. An buga takardar rabon an liƙa a bango, da hatimin hukuma, kowace unguwa da awanninta. Ni ne mai kunnawa da kashewa.

Sai dai akwai wani umarnin da ba a rubuta ba. Shef ɗinmu, wato shugaban wurin, ya ja ni gefe ya ce, "Layin gidajen manya ba a taɓa shi. In gazwal ya gaza, ka cire daga Garin Malam."

A unguwar Garin Malam nake zaune. A lokacin goggona, ƙanwar mahaifina, ta baro ƙauyen Zermu da jikoki uku, don gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Masarar taimako ake rabawa, mai taurin tsiya, turmi ba ya cin ta sai mace ta jigata. Injin niƙa ɗaya ne a unguwar, da wuta yake aiki. Goggo takan kai ƙwaryarta layi da safe, ta dawo da ita bayan la'asar yadda ta kai ta.

Rannan aka ce mai bincike zai zo daga Yamai ya duba ko ana bin rabon. Kwana uku kafin zuwansa muka hana unguwanni wuta don a tara gazwal. Ranar da ya iso, ko'ina wuta.

Da safen zan fita Goggo ta riƙe mini hannu. Tafinta duk ya yi kanta, ya tsattsage.

"Ɗana, an ce babba zai zo wurinku. Ka gaya masa halin da muke ciki."

"To, Goggo."

Mutumin ya shigo ɗakin inji da biro a hannu, ya karanta takardar bango, ya juyo gare ni.

"Haka kuke bi?"

Shef na tsaye bayansa yana goge tabarau. Na tuna mutum tara ke cin tuwo a gidana. Na ce, "Haka muke bi, ranka ya daɗe."

Bai sake tambaya ba. Ko ƙofar wata unguwa bai leƙa ba. Aka kai shi cin abinci a layin da ba a taɓawa, washegari ya hau mota.

Da na koma gida Goggo ta ce, "Ka gaya masa?" Na ce na gaya masa. Ta yi ta sa mini albarka har na rasa inda zan sa fuskata.

Bayan wata biyu takardar yabo ta zo, shef ya samu ƙarin girma. Goggo ta koma Zermu da ruwan farko, da jikoki biyu, na ukun a Damagaram muka binne shi. Har ta rasu tana faɗa wa mutanen ƙauye cewa ɗanta ya tsaya gaban babban Yamai ya yi maganar talakawa, ba a dai saurare shi ba ne.