Goyon Uwar Dare

Duk wanda ya ce kakata Tasalla ba ta barci, bai taɓa kwana a ɗakinta ba. Na gaji da jin maganar nan. A gidan suna a faɗa, a gidan biki a faɗa: wai da ido biyu tsohuwar take kwana, wai mutanen ɓoye ne ke kawo mata tatsuniya da tsakar dare, shi ya sa ba a taɓa jin irin tata a bakin wani ba. To ni tabarmata na jikin gadonta na kara tun daga yaye har aka kai ni kwaleji a Ƙonni. Minsharinta ma na sani. Tsohuwar nan ta fi kowa barci a ƙauyenmu, kuma ta fi kowa sanin lokacinsa.

Abin da ya sa maganar ke ƙona mini rai yanzu, da ita ake lallashina. Ina koyar da ƙananan yara a wata lakwal a Malbaza, kuma ni ke shirya wa ƴan mata wasan kwaikwayon da suke yi in za a tafi hutu. Wasannin nan ba sa zo mini sai gari ya yi tsit, sai in zauna da fitila da shayi mai ɗaci har zakara ya yi cara. Ranar nan yara na karanta baƙaƙe da ƙarfi, na kifa kai a tebur. Shirun da suka yi ne ya tashe ni, na ɗaga ido na ga darekta tsaye. Ya ce, “Madmazel, nan ba masauki ba ne. In na sake gani, zan rubuta wa na sama.” Da na faɗa a gida, sai ƴan uwa suka ce in yi haƙuri, gadon Kaka ne. Gadon me? Bari in faɗi yadda abin yake.

Ƙauyenmu na gefen Tajaye. In an gama girbi, rumbuna sun cika, sanyi ya fara shiga ƙashi, makiyaya sun sauka da bisashensu a gonaki, to lokacin Kaka ya zo. Bayan isha'i takan jawo ɗan kara ta hura wuta a ƙofar ɗakinta, ta ɗora itace guda. Guda tak. Mu jikoki da yaran maƙwabta mu kewaye ta, kowa ya ja riga ya rufe gwiwa, ana tura gyaɗa cikin toka ana faɗa a kan ta wane ce ta ƙone. Ita kuwa tana kan kujerarta ƴar tsugune, tana goga goro a magogi don haƙoran sun tafi, har sai mun gaji da kanmu. Sannan ta share baki da gefen zane ta ce, “Baƙuwa ta taho daga nesa, ƙafarta duk ƙaya. Wa za ya ba ta ruwa?” Mu haɗa baki, “Mu!” Shi ke nan an shiga tatsuniya.

Dokarta ɗaya ce, kuma na tsane ta. “Iccena guda ne,” in ji ta. “In ya mutu, bakina ya mutu.” Ko kura ta buɗe baki za ta haɗiye marainiya, in itacen nan ya zama garwashi, sai ta rufe shi da toka ta miƙe. Mu yi magiya, mu riƙe mata zane. Wani ya ruga ya sato itace a murhun uwarsa, ta ce ya mayar tun bai sha ludayi a ka ba.

Wadda ta fi zama mini a rai ita ce ta yarinya mai zanen ƙwarya. Wai a da can, Uwar Dare da ƙafarta take shiga gida gida, baƙar mace doguwa, da ɗanta Barci a goye. Zanen da take ɗaurawa babu irinsa a duniya, duk adon da ke sama a jikinsa yake. To kowa ya san in baƙuwa ta shigo da goyo, kafin ma a kawo ruwa sai a karɓi yaron ta huta. Haka mutanen garin ke yi. Da sun karɓi Barci sai ido ya rufe, don haka babu wanda ya taɓa ƙare wa zanen kallo.

Sai wannan yarinya ta ce ita ba ta yarda ba. Uwar Dare ta yi sallama, ta kwance majanyi, ta miƙo ɗa, yarinya ta ce, “Hannuna da wuƙa, Inna. Aje shi can gindin danga.” Ta zauna tana kallon zanen tana kwaikwayo a bayan ƙwarya har gari ya waye. Ƙoran da ta fitar, mata daga garuruwa bakwai suka zo gani. Gobe ma haka, jibi ma haka. Sai Uwar Dare ta daina tafiya da ɗanta, a gindin dangar take barin shi.

Nan Kaka kan ƙanƙance murya ta yi kukan jariri, har ƙananan cikinmu su matso jikin manya. Barci ya rarrafo da rana tsaka ya haye bayan yarinya. A bakin rijiya ya hau ta, guga ya suɓuce ya faɗa. A kasuwa ya hau ta, akuya ta cinye mata dawo. Kullum ƙara nauyi yake, yau kamar tulu, gobe kamar ɗan maraƙi. Rannan tana zanen ƙoran wata amarya ya danne mata wuya, wuƙa ta huda babbar ƙwaryar ta fita ta ciki. Da dare ya yi ta faɗi gaban baƙuwar tana kuka, ta ce ta ɗauke ɗanta.

Uwar Dare ta ce, “Ɗana ba shi yafe goyo. Wanda bai ɗauke shi da dare ba, shi ka hawa nai da rana.” Yarinya ta ce ai in ta karɓe shi ba za ta ga zanen ba, sana'arta ta mutu ke nan. Uwar Dare ta yi dariya. “Wa ya ce miki da wuri nike tahiya? Karɓe shi tun ina shigowa. In ya ƙoshi da bayanki da kansa za ya sauka, ni ko ina nan zaune. Sannan na huta, sai in shimfiɗa miki zanen duka, har wurin da majanyi ke rufewa.”

Daidai nan itacen ya karye biyu. Kaka ta ja toka.

Na miƙe tsaye. “Kaka! Ta karɓa ko ba ta karɓa ba?”

“Uwata,” don sunan mahaifiyarta gare ni, “ke dai a kan hanya anka haife ki. Wuce ki kwanta.”

“Wallahi ba ni kwanciya, tsohuwa, sai kin faɗa.”

“To tsaya nan ki yi gadin toka. In kura ta zo ki tambaye ta.”

Na shiga ɗaki ina ƙunƙuni. Kafin in gama juyi a tabarma ta riga ta fara minshari, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

A daren nan fitsari ya tashe ni. Duhu ne sosai, sanyi kamar a yanka, na lalubi gadon Kaka na ji wayam. Sai na jiyo muryoyi biyu a bayan ɗaki, wata siririya, wata mai kauri. Na ce ashe gaskiyar mutane ce. Amma ni tun ina ƙarama son ganin ƙwaƙwaf ya fi tsorona ƙarfi. Na leƙa ta jikin danga. Kaka ce ita kaɗai, durƙushe gaban dutsen niƙa, tana tura ɗan dutse tana magana. Ta yi muryar yarinyar, ta amsa da ta Uwar Dare, ta tsaya, ta girgiza kai. “A'a, babbar mace ba ta magana hakanga.” Ta zuba gero ta sake daga farko.

“Kaka, da wa kike magana?”

Ko firgita ba ta yi ba. “Da gero. Zo ki tare mini gari tunda kin tashi.”

Na tsuguna ina tarewa a faifai. Na ce ta faɗa mini ƙarshen yanzu, ba wanda zai sani. Ta ce, “Ni ma ban san shi ba tukuna. Shi nike niƙa.” Na saki baki. Ashe sa'ad da ta rufe wutar nan ita kanta ba ta san abin da yarinyar za ta yi ba, kuma ta je ta yi barcinta lafiya lau. Na ce to me ya hana ta jira gari ya waye? Ta dube ni kamar na zagi wani. “Tatsuniya da rana? So kike in ɓace a daji in na tahi icce? Wanga dare ne har yanzu. Ku ta kai kuke cin shi, ni ta wutsiya.” Tana cikin gwada wata magana ladan ya ɗaga murya. Ta yanke a tsakiyar kalma, ta kakkaɓe hannu, ta ɗauki buta.

Washegari da dare ta ƙarasa mana. Yarinyar ta karɓi goyon, kuma a wurin da majanyi ke rufewa ne ta samo zanen da har yau ake yi a gindin ƙwarya. Yara suka yi ta tafi. Ni kaɗai na san an gwada ƙarshe uku kafin a tsaya a kan wannan, kuma ban faɗa wa kowa ba.

Kaka ta rasu ina kwaleji. Na daɗe ina ɗaukar labarin nan dabarar tura yara kwanciya ce kawai. Sai yanzu da nauyin nan ke danne mini wuya a gaban allo na gane da wa take. Na gwada kwanciya da wuri in bar rubutun sai la'asar. Zafi, awaki, rediyon maƙwabta, gwaggona da nake zaune wurinta tana kira in zo in tsince shinkafa: abin da na rubuta ko ni ban yi dariya ba. Gwaggo ta ce in watsar da wasan gaba ɗaya, ai ba shi ke ba ni tuwo ba. Ba zan watsar ba. Na ga matan da ba sa fita ko'ina suna share hawayen dariya da gefen mayafi saboda maganar da na sa a bakin ƴar wasa. Aikin ma ba zan bari a kore ni ba.

Na ɗauka tsakar dare ce ke ba ni abin da nake samu. Ashe duhun ne, da shirun, da rashin mai kiran sunana, kuma duk suna nan kafin asuba, sai dai a lokacin kai ya huta. Abin da ya fi burge ni da tsohuwar nan ma ba tashin ba ne. Tsayawar ce. Yara sun kewaye ki, magana na zuba kamar ruwan Agusta, ki ja toka ki rufe, ki yarda abin ba zai gudu ba kafin ki farka. Ni ban taɓa iya ajiye alƙalami magana na zuwa ba. Ko zan iya, ko wasan zai biyo ni can gabanin asuba, Allah masani.

Jiya da yamma na shiga gidan Hajo mai masa, katanga ce tsakaninmu. Ita ce ke fara hura wuta a unguwar, tun taurari na sama. Na ce daga yau in an yi isha'i zan kawo mata fitilata da butar shayina ta kulle a ɗakinta, kada ta ba ni ko na yi rantsuwa. In ta tashi buga ƙullu, ta miƙo mini su ta kan katanga, ta buga mini ƙofa da muciya.

Ta auna ni sama da ƙasa. “Ke malama? Da wannan idon naki kamar gauta? In na buga ba ki tashi ba fa?”

“Ki watso ruwan randa ta taga.”

“Da sanyin ga?”

“Da shi.”

Ta miƙo hannu tana dariya. “Kawo tun yanzu, kada dare ya yi ki canza magana.”

Na koma gida na ɗauko na ba ta.