Kwamfutata da Sunan Malam

Ni mutum ne mai saurin zargi, tun ina yaro haka nake. In na ajiye biro ban gan shi ba, kafin in duba aljihuna na riga na san wanda ya ɗauka. Da wannan halin na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka, ta hannu, a shekarun da intanet ya fara shigo mana Jega ta ɗan modem ɗin da ake soka wa kwamfuta a gefe. Ina koyarwa a sakandare, da ita nake buga tambayoyin jarrabawa. Ba na barin kowa ya taɓa ta sai mutum ɗaya, yayan matata.

Malam muke ce masa. A Maiyama yake, shi ke riƙe da ajin matan aure a wata Islamiyya, aikin da ba a ba kowa sai wanda gari ya yarda da shi. Duk Alhamis, da yake babu karatu, yakan hau babur ya zo gaida ƙanwarsa. Ni da kaina na nemo masa wani shafi mai tarin littattafan Larabci, na koya masa buɗewa. Yakan zauna a ɗakin baƙi yana kwafe abin da yake so a littafinsa da hannu. Ni kuwa in ba shi wuri, don akwai kunya tsakaninmu, ko abinci ba ma ci tare.

Wata Asabar da safe na kunna kwamfutar zan yi aiki, sai ga hoton mace tsirara ya cika fuskarta. Na rufe, biyu suka fito. Na rufe su, wasu suka biyo. Na kife murfin da sauri ina waige-waige.

A lokacin abu ɗaya muka sani game da cutar kwamfuta: ba ta kama na'urar kowa sai wanda ya leƙa wurin banza. Haka ake faɗa a ɗakin malamai, ana dariya. Ni na san ban leƙa ba. Matata ko kunna ta ba ta iya ba. Saura mutum ɗaya.

Na fara sa masa ido. Na duba jerin shafukan da aka buɗe, ban ga komai ba sai shafin littattafan nan. Maimakon hankalina ya kwanta, sai na ce a raina, lallai Malam ya ƙware, har goge sawu ya iya. Ranar Alhamis na shiga kai masa ruwa ba tare da na tsaya jiran amsar sallama ba, na ga ya rufe murfin da sauri, fuskarsa ta canza. Da zai tafi kuma ya tsaya a bakin babur yana yi mini nasiha a kan kiyaye ido, a hankali, yana kallon ƙasa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce ji mutum, ya ɓata mini kaya, kuma ni zai yi wa wa'azi.

Da na tambaye shi ranar, da magana ta ƙare a tsakar gidana. Amma ta yaya zan buɗe baki in yi wa yayan matata irin wannan tambaya? Na haɗiye maganar. Bayan kwana biyu na amayar da ita a wurin abokina, wani mahauci a yankin Jega Magaji da muke zaman hira a rumfarsa bayan la'asar.

"Tsakanina da kai na hwa," na ce masa.

"Haba, wa zan hwaɗa ma wa?" in ji shi, yana wasa wuƙa.

Direbobin da ke ɗaukar albasa daga Aliero a wurinsa suke sayen nama. Ban san ta bakin wa ta bi ba, amma ba a yi wata ɗaya ba maganar ta isa Maiyama, ta kuma yi ƙiba a hanya. Mazaje suka fara hana matansu zuwa aji. Kwamitin makarantar ya kira Malam, aka ce ya ɗan huta tukuna, aka ba wani ajin. Matata ta dawo daga can idonta jawur, tana cewa Allah ya isa tsakaninta da wanda ya ƙulla wa yayanta wannan sharri. Gaskiya ban ji daɗi ba, amma can ƙasan raina ina ganin ai shi ya jawo wa kansa. Malam ya daina zuwa ranar Alhamis.

Kwamfutar kuwa kullum ƙara lalacewa take, har ta kai in kunna ta in je in yi wanka in dawo ba ta gama tashi ba. Na kai ta Aliero wurin wani mai gyara da ɗalibai ke yabo. Ya wanke ta tas, ya sake zuba mata komai, sannan ya tambaye ni shafukan da ake shiga da ita. Na lissafa masa, ina wani cije baki, na ce sauran kuma sai a tambayi wanda ya shiga.

Ya ɗauko wata tsohuwar kwamfuta da yake gwaji da ita, ya buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan na littattafan Larabci, bai danna komai ba, hannunsa ma yana kan cinyarsa. Littattafan suka bayyana yadda na san su. Can sai ga hoton farko ya faɗo a kansu.

"Ka gani? Shafin ga shi ad da cutar," in ji shi. "Masu shi ma ba su san ba. Wasu 'yan damfara sunka shiga ta baya, sunka ɓoye wani ɗan rubutu ciki. Duk wanda yab buɗe, ko bai taɓa komi ba, rubutun ya shige mai kwamfuta ya dinga jawo wanga ƙazanta."

Na ce ya sake. Ya wanke tasa, ya sake, abin ya maimaita. Shafin da na zaɓa da hannuna ne. Na zauna a kan bencinsa.

Daga nan ban koma gida ba, Maiyama na wuce. Na sami Malam a ƙofar gida yana gyaran buhunan gero da aka kawo masa daga Gumbin Kure. Ya rame. Bayan gaisuwa na zayyana masa abin da mai gyara ya nuna mini, ina sauri, kamar wanda ya kawo albishir. Na ce yanzu na tabbata ba laifinsa ba ne.

Ya dakata da ɗaurin buhun. "Laihina? Ai ni na aza kai na. Tun ran da hotunan sunka fara hito min nike rufewa, don kada ƙanwata ta gani ta raina ka. Na yi ta yi maka addu'a." Sannan ya ce, "Abin da ban gane ba, mu biyu ɗai munka gani. Ni kau ban hwaɗa ma kowa ba."

Ya ɗago ya dube ni. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, na rasa inda zan sa idona. Bai tambaye ni komai ba, ya sunkuya ya ci gaba da ɗaurinsa, ya ce in gaida mutanen gida.

Mako na gaba na ɗauko mai gyaran a babur ɗina muka je gaban kwamitin. Ya yi bayani, ni ma na yi, na faɗi cewa daga bakina maganar ta fito. Dattawan suka saurara har ƙarshe. Sai babbansu ya gyara zama ya ce, "Malamin boko, kai ka ce ka gani da idonka, yau kuma kai ka ce ba haka na ba. Mazan matan ga, wace za mu ce su ɗauka?"

Ajin bai dawo hannun Malam ba.