Awa Goma Sha Uku na Alhaji Bubakar

Cikin shekarun da na yi ina yanka tikitin jirgin sama a buronmu, wato ofishinmu na Tamanrasset, ba na mantawa da ranar da aka zo neman fasinjana da motoci biyu.

Alhaji Bubakar tsohon direban hamada ne, mutumin Agadas. Ya bar tuƙi ya koma sayar da kayan gyaran mota, kuma karon farko ke nan da zai je saro kaya Guangzhou, ƙasar Sin. Da na miƙa masa tikiti sai ya ce, "Malam Sani, tafiyar nawa ce?"

Na ce daga Aljer, babban birnin ƙasar nan, kusan kilomita dubu goma ne, awa goma sha uku a sama.

Ya juya ga ƙanensa Idi ya ce, "Ka ji dai."

Direbobin hamada suna da ƙa'ida. Mai tafiya yakan yanka wa 'yan'uwa lokaci, in ya wuce ba a ji shi ba, sai a bi sawu. Na san da haka sarai, amma ban taɓa kawowa za a yi wa jirgin sama ba. Ga kuma nawa kuskuren: ban lissafa masa tashi daga nan zuwa Aljer ba, balle wunin da zai yi can yana jira.

Washegarin tashinsa da hantsi sai ga Toyota biyu a ƙofar buro, da gangunan gazwal, wato man dizal, da jarkokin ruwa, da shebur, har da bakanike. Idi ya shigo ido jawur.

"Awa sha uku ta wuce, wayarshi ba ta shiga. Zana muna hanyar da jirgin ya bi."

Na ce, "Idi, akwai teku a hanyar nan fa."

"In mun kai bakin ruwan mu san abin yi."

Dariya ta zo mini, tsoro ya kore ta. Mutum shida za su faɗa hamada a kan maganar bakina. Na juya musu kwamfuta, na nuna musu ɗan jirgin yana rarrafe a kan taswira. Bakaniken ya leƙa ya ce wannan bai fi ƙuda ba, Alhaji ba zai shiga ciki ba. Na dafa shayi, na sake dafawa, na yi rantsuwa har muryata ta dishe. Da la'asar suka ce haƙurinsu ya ƙare, suka tada motoci.

Ana cikin haka wayar Idi ta yi ƙara. Alhaji ne, ya sauka lafiya. Ya tambayi inda suke, Idi ya ce ƙofar buro.

Duk muka ji ihunsa: "Buro? Tun jiya ba ku ji ni ba, kuna zaune kuna shan shayi? Da na mutu fa?"

Idi ya kalle ni, kallon da har yau bai yafe ba.

Ku sababbin shiga aikin nan namu, in mutumin hamada ya tambaye ku awa nawa, ba son sani yake yi ba. Ranar da za a fita nemansa yake yankawa. Ku haɗa masa da jira, ku ƙara kwana guda.