Ƙwaryar Ruwan da Ta Zaunar da Baba a Bencin Baya

Bana shekara goma sha biyu ke nan da muka binne mahaifina, Malam Ɗanjuma mai bishara, kuma har yau ba na iya wuce bencin ƙarshe na majami'armu ta Sabon Gari ban tuna da shi ba. Ga wanda bai san tsarinmu ba, a nan ake zaunar da wanda ikilisiya ta sa a horo. Zai zo sujada, zai ba da baiko, amma ba zai yi addu'a a gaban jama'a ba, kuma ranar Jibin Ubangiji, da ake raba gurasa da ruwan inabi don tunawa da Almasihu, faranti zai iso bencin da ke gabansa ya juya. Mazinata da ɓarayi sukan yi 'yan watanni a wurin, su tuba, a maido su. Baba ya zauna a can har ciwon ajali ya kwantar da shi.

Tela ne a Samaru, a wani ɗan shago kusa da inda masu Keke Napep ke ɗaukar ɗalibai yanzu. Asalinsa Bamaguje ne, yana saurayi ya karɓi bishara. Duk Asabar sai ya rufe shago ya hau kekensa zuwa ƙauyukan hanyar Giwa, wurin danginsa masu bin al'adar kakanni. Ikilisiya ce ta aike shi, amma ba a naɗa shi ba, don haka wa'azi nasa ne, baftisma kuwa ta Rabaran ce, wato babban fastonmu.

A ɗaya daga cikin ƙauyukan akwai wani tsoho mai suna Nomau. 'Ya'yansa sun daɗe da zama Kirista, shi kuwa ya yi shekaru yana sauraron Baba yana tsokanarsa, wai ya fara gyara kekensa kafin ya gyara mutane. Wata bazara ciwo ya kayar da shi, ya aika a kira Baba. Ya ce ya ba da gaskiya, yana so a sa shi a ruwa kamar yadda aka sa 'ya'yansa. Rafi ya ƙafe ƙaf, Rabaran ya tafi taro Jos, tsohon kuma ko zaune ba ya iya tashi. Baba ya ce a ɗebo ruwa daga randa. Aka kawo a ƙwarya, ya zuba masa a ka cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Kafin mako ya zagayo Nomau ya cika.

Babu wanda ya kai ƙarar Baba. Shi da bakinsa ya tashi ranar Lahadi ya ba da labarin a matsayin shaida, fuskarsa cike da fara'a, yana jiran a yi tafi. Ko mutum ɗaya bai tafa ba.

A falonmu dattawan ikilisiya suka zauna da shi, ni kuma a lokacin budurwa ce, na ji komai da kunnena. Wani ya ce baftisma sai an nutsar da mutum gaba ɗaya, yayyafi na wasu ɗariku ne. Wani ya ce Nomau bai taɓa zama a ajin baftisma ba, kuma an ce har ya mutu da laya a damtsensa. Dattijo Ishaya, wanda shi ne babbansu, ya ce ruwa ba ya wanke zunubi, bangaskiya ce ke kawo gafara, to gaggawar ta mene ce? Sannan ya ƙara da abin da har gobe ba zan manta ba. Ya ce irin waɗannan mutanen ba a yi musu garaje, yau suna coci gobe suna gindin tsamiya.

Baba ya shafa tsagar fuskarsa, ya ce, “Dattijo, ni ma irin waɗannan mutanen ne. Kuma in ruwan ba ya ƙara komai, me ya sa kuka taru a kansa?”

Ya tuna musu da yadda manzo Bitrus ya shiga gidan sojan Roma, wanda ba Bayahude ba, ya sa aka yi wa mutanen gidan baftisma ba tare da ya koma neman izini ba. Suka ce shi ba Bitrus ba ne. Gaskiyarsu, ba shi ba ne.

Sharaɗinsu ɗaya ne: ya tsaya gaban jama'a ya ce abin da ya yi wa Nomau ba baftisma ba ce, ya roƙi gafara, magana ta wuce. Baba ya ce zai roƙi gafarar shiga aikin da ba nasa ba, amma ɗayar maganar ba za ta fito daga bakinsa ba. 'Ya'yan Nomau sun yi faɗa da baffanninsu a kan gawar, sun hana a yi mata yanka da giyar matattu, sun binne uban a matsayin Kirista. Da wace fuska zai koma ya ce musu wanka kawai ya yi masa?

Ba zan ce Baba waliyyi ne ba. Taurin kansa ya isa ya sa mutum kuka, kuma ya sa Mama kuka ba sau ɗaya ba. Ta roƙe shi ya faɗi abin da suke so a wuce wurin, ya ƙi. Wasu coci a Samaru suka ce ya zo, hannu bibbiyu za su karɓe shi, nan ma ya kafe, wai ba ikilisiya ce ta yi masa laifi ba. Ranar aurena yana can bakin ƙofa, wani ne daban ya sa mana albarka. Abin ya ci mini rai, har yanzu ma yana ci.

Na kan tambayi kaina me zai ce da zai ga yadda abubuwa suka koma. An gina kwamin baftisma a cikin majami'a, an shafe shi da tayil, da famfo, ba ruwan kowa da rafi. Ana jera mutane cikin fararen kaya, 'yan uwa na ɗaukar bidiyo da waya. Ƙauyen Nomau yanzu yana da majami'a da faston kansa, jikokinsa ne ke kiɗa a ƙungiyar mawaƙa. Duk ranar makon bishara sai a ambaci ƙauyen daga kan bagade, a gaban jama'a, a matsayin amfanin aikinmu, a yi tafi. Na san Baba, da shi ma tafin zai yi, har ya fi kowa ƙarfi. Wannan halin nasa ne ban gada ba.

Abin da ya bari kaɗan ne in da ido za a auna: keken ɗinki, da mutanen wani ƙauye da ba a taɓa ce musu ubansu ya mutu a wajen ikilisiya ba. Shi ya biya wannan, kuma ya san abin da yake biya.

Da jikinsa ya yi tsanani, sabon Rabaran da aka kawo mana, wani matashi mai tausayi, ya matsa wa dattawa har suka yarda a ɗage horon. Suka zo gida da la'asar ɗauke da gurasa da ƙoƙon ruwan inabi na Jibin Ubangiji, Dattijo Ishaya na biye. Sai dai Baba ya riga ya daina haɗiya, ko kunu ba ya wucewa. Rabaran ya tsaya da ƙoƙon a hannu ya rasa yadda zai yi. Dattijo Ishaya ne ya sunkuya ya ce masa, “Tsoma yatsa ka taɓa masa a leɓe. Allah ya ga halin da ake ciki, ya isa.”

Aka taɓa. Baba ya motsa leɓensa, ban sani ba ko ya gane.

Na bi Dattijo har bakin ƙofa, Mama na jan gefen zanena. Na ce, “Baba Ishaya, ashe in Allah ya ga hali, kaɗan ma yana isa?”

Bai dube ni ba. Ya gyara hularsa ya ce, “'Yata, ba yanzu ba.”

Washegari Baba ya rasu. Dattijo Ishaya yana nan da ransa, ya tsufa tukuf, jikansa ke riƙo shi zuwa kujerar gaba duk Lahadi. Ina durƙusawa in gaishe shi, yana amsawa da sakin fuska, ya tambayi yara. Shekara goma sha biyu ina jira ya ce mini yanzu ne.